Hajiyarmu ta kama ɗinkin bargo da guntayen atamfa, mu bar ta ko mu hana ta?

Ummu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah shawara nake nema kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Hajiyarmu shekararta 71, tsohuwar malamar firamare ce ta yi ritaya tuntuni. Bara waccan Allah Ya yi wa Baba rasuwa, to tun da ta fita takaba sai muka ga kamar an zare mata laka, abinci sai an yi da gaske take ci, in ka je za ka tarar da ita kan sallaya har hantsi rediyo na ta yi ba ma saurare take ba. Gidan da muka tashi mu tara ban da 'yan riƙo yanzu daga ita sai yarinyar da ke taya ta aiki sai autanmu wanda shi ma kwana kawai ke kawo shi. Bayan ƙaramar sallah sai ta buɗe tsohuwar adakarta ta fito da guntayen atamfofi, wasu tun na ankon bikin Anti babba, wasu na goyonmu, ta kama yankawa tana haɗawa da allura wai bargo za ta yi wa kowane jika kafin hunturu. Yanzu ta gama ɗaya tana kan na biyu. Matsalar ita ce idonta ya yi rauni, zura zare kaɗai sai ta yi minti biyar tana fama, da yamma kuma tana kukan wuya da kafaɗa. Yayanmu babba ya ce a kwashe kayan a ɓoye, wai shi ba zai yarda a ce uwarsa na ɗinkin tsumma ba alhali zai iya saya mata bargo goma. Ni kuma wlh tun da ta fara ɗinkin nan na ga ta dawo tana hira har da dariya. Na rasa bayan wa zan bi.

Baban_Khairat:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ji ƙan Baba. Ni dai a ganina Yayanku yana da gaskiya, wadda ta yi shekara talatin da wani abu tana fama da yara a aji ai hutu ya kamace ta. Ido kuma ba a wasa da shi. Ku sai mata bargo mai kyau ku sa ta Islamiyyar manya ta riƙa fita tana ganin mutane.

Hajjo_Maradi:
A'a Baban Khairat, hutun ne fa ya kusa kayar da ita, ba ka karanta inda ta ce ba ta cin abinci ba? Ummu Sadiq kar ku kuskura ku ɓoye kayan nan. Mu mun yi wannan kuskuren da Innarmu, ita saƙar faifai take yi da kaba, muka hana ta don muna jin kunya a ce tana sana'a muna da rai, ba ta ce mana komai ba ta dai naɗe hannu. Ko wata shida ba a yi ba ta fara rikicewa tana tambayar yau wace rana ce. Ban ce hanin ne ya jawo ba, Allah ne masani, amma har gobe in na tuna yadda take kallon kwandon kabar nan a saman sif sai na ji zuciyata ta karye.

Nas_Zariya:
Bari in sa baki ta fannin lafiya. Aikin kusa da ido irin ɗinki ko karatu yana gajiyar da ido, mutum ya ji yaji-yaji ko ciwon kai, amma ba shi ke kawo makanta ba. Abin da ke rage wa tsofaffi gani yawanci yanar ido ce, ko hawan jinin ido, ko ciwon suga da ya taɓa jijiyoyin cikin ido, sai kuma raunin ganin kusa wanda kusan kowa yake farawa daga shekara 40. Don haka maimakon ku ƙwace allura ku kai ta a duba idon a auna ƙarfinsa. In tabarau ne a yanka mata daidai da ita, in yana ce aikinta ba ya ɗaukar lokaci kuma yawanci a ranar ake komawa gida. Shi hawan jinin ido shi ne abin tsoro don ba ya ciwo, yana ci a hankali ta gefe kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. In tana da suga to duk shekara ya kamata a duba. Batun wuya kuma zama ne, in a tabarma take zama ta sunkuya awa uku dole ta ji a jikinta. Ku samo kujera mai jingina da ɗan tebur, ta zauna inda haske ke zuwa ta bayan kafaɗarta, duk bayan minti 20 ko 30 ta ɗaga kai ta kalli nesa ta ɗan taka zuwa tsakar gida.

Ummu_Sadiq:
Na gode Anti Nas. Tana da hawan jini amma ba ta da suga alhamdulillah. Tabaran da take sawa na Baba ne ma, ta ƙi yarda a canza.

Nas_Zariya:
Allah sarki. To ku bar mata firam ɗin, gilashin ciki kawai za a canza a sa nata. Ana yi.

TelaNaKwari:
Ni tela ne shekara 19 ina kan keke, kuma ƙyallayen da muke sharewa a shago duk mako sun isa a yi bargo biyu, da yawa bola suke tafiya ko masu katifa da filo su kwashe. Don haka in Hajiya na buƙatar ƙari ku je wajen telanku kawai ku ce ya tara muku. Amma ga abin da za ku kula mata da shi don kar wahalarta ta tashi a banza. Duk ƙyallen da ba a taɓa wankewa ba a jiƙa shi tukuna a shanya a goge, saboda sabuwar atamfa tana tsukewa in ta sha ruwa, tsohuwa kuma ta riga ta gama tsukewarta, in aka haɗa su haka wankin farko bargon zai tattare ya murguɗe. Sannan akwai masu zuba musamman ja da shuɗi mai duhu, a gwada da farin ƙyalle jiƙaƙƙe a goga a gani. Kar ta haɗa leshi ko yadi mai santsi ko mai talewa da atamfa, auduga da auduga ita ce ke zaman lafiya. Shadda tana shiga amma in mai sitaci ce sai an wanke ta yi laushi in ba haka ba allura ba ta ratsa ta da daɗi yatsa ya sha wuya. Yanka kuma ku yanka mata kwali murabba'i inci shida da rabi, ta riƙa ɗorawa tana zagayewa da alli, in an ɗinke da kwatan inci kowane gefe zai dawo inci shida cif. Guda 10 a faɗi 14 a tsawo, wato 140, zai ba ta inci 60 da 84, ya ishi babban mutum ɗaya. Na yara rabin haka ma ya wadatar.

Gimbiya92:
Malam Tela to me ake sawa a tsakiya don ya yi ɗumi? Ni na ɗauka falle ɗaya ne kamar zanin gado.

TelaNaKwari:
Falle uku ne ƙanwata. Na sama mai haɗe-haɗen, na ƙasa zani guda ko yadi, na tsakiya shi ke riƙe ɗumi. Mafi sauƙi tsohon bargo da ya sha jiki ya yi siriri, ko tsofaffin zannuwa biyu a ninka. Akwai fayiba ta shimfiɗa da masu zanin gado ke saya a yadi-yadi, ita ma tana yi kuma ba ta da nauyi. A shimfiɗa su ukun a ƙasa a miƙe su sosai a kama da fil ko a yi manyan ɗinki na wucin gadi, sannan a fara ɗinkin daga tsakiya ana fita gefe, in aka fara daga baki sai an tarar da tudu a tsakiya. Tsakanin layi da layi kar ya wuce faɗin tafin hannu. Daga ƙarshe a kalmashe baki.

Dan_Lifidi:
Abin da ya tsaya min a rai a zancen nan shi ne kalmar ɗinkin tsumma da Yayanku ya faɗa. Ni gidanmu gidan hawa ne, kakana ɗan lifidi ne mahaifina ma haka. Shi lifidin nan da kuke gani a jikin dawaki ranar hawan sallah mene ne in ba wannan ɗinkin ba? Yadi ne sama da ƙasa a cusa audugar rimi a tsakiya a bi shi da ɗinki layi-layi, a sama kuma a jera ƙyallaye ja da rawaya da kore masu kusurwa uku. Da shi aka yi yaƙi, kibiya in ta zo sai ta maƙale a cikin audugar ba ta kai ga doki ba. Ina yaro na sha zama gefen wani tsoho da ke gyara mana namu kafin sallah, allurarsa ta kai tsawon ɗan yatsa, yana ja yana danna audugar da babban yatsa. Maza ne ke yi kuma a ƙofar fada ake alfahari da shi. To don mace ta yi irinsa ta rufa wa jikanta sai ya zama abin kunya?

Gimbiya92:
To ai sai Hajiya ta sa audugar rimin ita ma, ba ta fi ɗumi ba?

TelaNaKwari:
Kar ta sa. Lifidi ba a wanke shi kamar bargo. Audugar rimi santsi gare ta ba ta kama juna, tana gudu ta taru gefe guda ta yi ƙulli, ga ta da tashi a iska ta shiga hanci, ga saurin kama wuta. Ta filo ce da katifa.

Baban_Khairat:
Dan Lifidi na ji bayaninka kuma na ƙaru, amma ku fahimce ni ba raina sana'a nake ba. Mu da muke zaune cikin unguwa mun san bakin mutane. Yau in baƙi suka shigo suka ga dattijuwa da tsummokara baje a falo gobe za ka ji ana cewa 'ya'yanta sun yi kuɗi sun yar da ita. Namiji babba a gida shi ake zagi, shi ya sa nake tausaya wa Yayan.

Hajjo_Maradi:
Bakin mutane ai ko zinari ka shimfiɗa mata sai sun samu abin faɗa. Waɗanda za su yi maganar akwai wanda zai zo ya taya ta zama daga azahar zuwa la'asar?

Bakatsiniya_a_Atlanta:
Ummu Sadiq na karanta saƙonki sau biyu sai da na yi ƙwalla don Mamana ta faɗo min. Bari in ba ku labarin nan inda nake. Su a Amurka kwilt suke ce wa irin wannan bargon kuma babban abu ne a wajensu musamman mata masu shekaru, akwai shaguna da ba sa sayar da komai sai kayansa, akwai ƙungiyoyi da ke haɗuwa duk mako, a garin Paducah na jihar Kentucky har gidan tarihi guda aka gina masa tun 1991. Wata maƙwabciyata baƙar fata mai shekara kusan 80 ita ta fara nuna min, ɗaki guda ta ware, in na kai mata abinci sai in tarar da ita da ƙawayenta uku na coci sun kewaye bargo ɗaya kowa na ɗinka ɓangarenta suna ta hira, wani lokaci hirar ta fi ɗinkin yawa. Ita ta ba ni labarin Gee's Bend, wani ɗan ƙauye a jihar Alabama da kogi ya kusa zagaye shi, mutanensa jikokin bayi ne da suka yi noman auduga, da yawansu har yau sunan Pettway suke amsawa wato sunan wanda ya mallaki kakanninsu. Talauci ne ya sa matan suke yayyanka tsofaffin wandunan aiki da buhunan gari su haɗa bargo saboda gidajen katako ne sanyi na shiga ta ko'ina. Ba su ɗauke shi komai ba. Sai a 2002 aka baje barguna nasu a gidan adana zane-zane na Houston daga nan aka kai New York, duniya ta ɗauka, a 2006 har kan sarki na gidan waya aka buga da hotunansu. Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne na wata mai suna Missouri Pettway, da mijinta ya rasu ta tattara kayan da yake zuwa gona da su ta ɗinka bargo a 1942 don ta riƙa rufa da shi tana tuna shi, in kin ga hotonsa har shatin gwiwa da inda ƙasa ta ci wandon duk suna nan. Don haka ni dai ina roƙonki ki zauna ki tambayi Hajiya kowane ƙyalle na mene ne, ki ɗauka a waya. Ni ban yi haka da tawa ba, da ta rasu aka rabar da zannuwanta cikin kwana bakwai ko ɗankwali ban samu ba don ina nan.

Ummu_Sadiq:
Innalillahi, Allah Ya ji ƙan Mama Ya sa ta huta. Anti kin taɓo inda ban so faɗa ba. Gaskiya abin da ya fi tunzura Yaya shi ne a bargo na biyun ta yanka wata shaddar Baba ruwan toka, wadda yake zuwa Juma'a da ita, ta sa a tsakiya. Da ya gani fita ya yi bai ko zauna ba. Ni ina ganin ba kunyar mutane ce kaɗai ke damunsa ba.

Malam_NaTudu:
To a nan akwai magana ta shari'a da ya kamata a faɗa. Tufafin mamaci suna cikin abin da ya bari, haƙƙin magada ne baki ɗaya, komai ƙanƙantarsu. In an riga an raba gado rigar ta faɗo a rabon Hajiya ko magada sun bar mata, to tata ce ta yi yadda ta so. In ba a raba ba sai a nemi yardar kowa, in kuma akwai maraya da bai balaga ba a cikin magada to ba a kyauta da rabonsa sai dai a ƙiyasta a biya shi. Shi kuwa ɗinki da faci ba aibi ba ne ko kaɗan, Nana A'isha da aka tambaye ta me Annabi SAW yake yi a gida ta ambaci cewa yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa. Nana Zainab bint Jahsh kuma an san ta da aikin hannu tana samu tana sadaka. Abin da za a kiyaye kawai kar a ƙudurta cewa rigar na ɗauke da wata albarka ko kariya, tunawa ce da addu'a.

Ummu_Sadiq:
Allah Ya saka da alheri Malam. An raba tun bayan arba'in, kayan sawa duk muka ce a bar mata, mafi yawa ta bayar sadaka guda uku ta riƙe. Duk mun balaga.

Malam_NaTudu:
To babu haƙƙin kowa a kanta. Sai dai a lallashi Yaya, shi ma maraicin ne ke cinsa.

Yar_Zongo:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan haɗe-haɗen guntun atamfa ba baƙon abu ba ne, teloli na yin riguna da jakunkuna da shi, baƙi masu yawon buɗe ido suna rububi. Ku buɗe wa Hajiya shafi a Instagram mana, wlh za ta samu masu saye har daga waje.

Kaka_Mai_Allura:
'Yata ta Zongo kar ku yi saurin kai ta kasuwa. Ni da kaina nake rubuta wannan, shekarata 67, na yi aikin ofis na yi ritaya, jikata ce ta sa ni a zauren nan. Ni ma ina irin wannan ɗinkin shekara huɗu ke nan, barguna bakwai na gama. Sau ɗaya na karɓi na kuɗi, wata ta ce tana so kafin bikin 'yarta, ranar da na amsa ranar daɗin ya fita, na koma ina duba kalanda ina ɗinki har dare, kafaɗata ta riƙe sai da na yi mako biyu ban ɗaga hannu ba. Ban sake ba. Ku yara ba ku san yadda yini yake da tsawo ba in mutum ya tsufa. Ka yi asuba ka yi lazimi ka karya, ƙarfe tara ta yi, shi ke nan babu mai jiranka a ko'ina. 'Ya'ya suna bugo waya Allah Ya yi musu albarka amma waya minti uku ce. Da a ce gidan haya ne ko gidan yawa da sauƙi, to an gina mana gida an ja katanga an sa get, ko sallamar maƙwabta ba ka ji. Ni in na baje ƙyallayena a kan gado ina jera su ina sauyawa, wannan kore bai zauna kusa da wannan ba bari in matsar da shi, kafin in ankara an kira azahar. Kuma kowanne da abin da yake tuna min, akwai wata 'yar atamfa mai zanen tsintsiya da na saya da albashina na farko, saura tafin hannu biyu ta rage, na raba ta huɗu na sa wa jikoki huɗu. Shawarata ga Hajiya, a sa yarinyar gidan ko jika ta zura mata allura goma tun da safe a soke su a jikin ɗan matashi, in wannan ta ƙare ta ɗauki wancan. Zare kar ya wuce kamu ɗaya, in ya yi tsawo harɗewa yake, a ja shi a jikin kyandir ko kakin zuma sai ya yi santsi. Ta sa ɗan ƙarfen nan na yatsa ko da za ta ƙi shi kwana biyun farko. Kuma kar ta yi da daddare ko da an kawo wuta.

Hajjo_Maradi:
Allah Ya ƙara lafiya Kaka, wlh kamar Innata ke magana.

Abban_Yusra:
Kaka ta ambaci allura goma sai gabana ya faɗi. A kula don Allah, ɗana yana shekara biyu ya taka allurar kakarsa da ta faɗi cikin kafet, ta karye a tafin ƙafa sai da aka yi hoto aka tsaga aka ciro. Ku saya mata maganaɗisu ko na tsohuwar lasifika ne, in ta tashi a bi wajen da shi, kuma a ƙirga allura safe da yamma. In jikoki na rarrafe to kayan su zauna a gwangwani mai murfi.

Kaka_Mai_Allura:
Gaskiyarka ɗana. Ni gwangwanin alawar Makka nake sawa, kuma ba na ɗinki a ɗakin da yara ke wasa.

Dalibi_a_Dhaka:
Ni karatu nake a Bangaladash, nan ma akwai shi suna ce masa kantha. Tsofaffin sari, wato zannuwan da matansu ke ɗaurawa, suke jerawa falle uku zuwa sama su bi da ƙananan ɗinki a jere har ya yi kamar ruwa na motsi, babu komai a tsakiya sai zannuwan kansu. Sau da yawa in aka haifi jariri kaka ce ke ɗinka masa nasa, saboda tsohon zani ya fi sabo laushi a jikin jariri. Ina ganin irin wannan zai fi wa Hajiya sauƙi don babu yanka da yawa, kuma ya fi dacewa da garinmu da sanyin wata biyu zuwa uku ne kawai.

TelaNaKwari:
Wannan shawara ce mai kyau ga na jarirai. Amma in haɗa launi ne ke mata daɗi kamar yadda Kaka ta faɗa to a bar ta da yankanta, sai dai a samo almakashi mai kaifi, dakusasshe shi ke kashe babban yatsa. Ko wani ya riƙa yanka mata ita ta jera ta ɗinka. In kuna Kano ni zan haɗa mata layukan a keke kyauta ta yi na saman da hannu.

Sadauki_77:
Duk kuna ta maganar iyaye mata, mu namu Baban ne. Shekara 35 yana aikin gwamnati, tun da ya ajiye sai zaman dakali da jarida, abokan duk sun ragu. Su mata ko ba komai suna da kicin da jikoki da biki da suna. Wa ke da dabarar da zan yi masa?

Dan_Lifidi:
Sadauki ɗinkin hula fa? Ko kiwo, ko 'yan tumaki biyu ne. Mahaifina da ƙafa ta hana shi hawa gyaran linzami da sirdi ya koma yi wa matasa, kullum zaurensa cike.

Sadauki_77:
Ɗinki kam ba zai yi ba na san shi, amma yana son shuka. Bari in gwada kawo masa dashen zogale da lemun tsami a bayan gida.

Baban_Khairat:
Na karanta na Kaka na yi shiru. Har yanzu ina nan a kan a fara kai ta asibitin ido kafin komai, kuma a rage mata, jika nawa ne ma? In sun kai ashirin ai ba za ta gama ba sai ta illata kanta.

Ummu_Sadiq:
Su 23 ne Baban Khairat, har da na goye. Jiya na je gidan na kwana. Na yi yadda Antin Atlanta ta ce, na kunna rikoda na ɗauko bargon farko na ce Hajiya wannan fa, ta ce zanin da ta goya Yaya ne ranar da aka kai shi shayi, wannan na ranar da aka ba ta shugabar makaranta, wannan kuma Baba ne ya sayo mata a Kantin Kwari da ta haifi 'yan biyu da ba su zauna ba, ni ban ma taɓa sanin ta haifi 'yan biyu kafin ni ba. Mun kai sha ɗaya na dare. Na tura wa Yaya muryar ban ce masa komai ba, ya saurara don na ga alamar ya buɗe amma bai amsa ba har yanzu. Ta yarda za a je duba ido ranar Talata da sharaɗin a bar mata firam ɗin Baba. Kujera kuma ta ce ita ba ta iya ɗinki a kai ba sai a ƙasa, muna dai kan ja.

Nas_Zariya:
In ta ƙi kujera ku jingina ta da bango ku sa filo a bayanta da wani a kan cinya ya ɗago mata aikin. Kuma ranar Talatar ku tafi da mai tuƙi ko ku riƙe ta, in aka ɗiga maganin buɗe ido gani na dushewa na wasu awanni, kar ta tsorata.

Kaka_Mai_Allura:
Ummu Sadiq ki gaishe min da Hajiya ki ce 'yar'uwarta a allura na gaishe ta. Ki tambaye ta in tana da sauran shuɗi mai duhu ko tafin hannu uku ne, ni kuma ina da ja da yawa da ban san yadda zan yi da shi ba, sai mu yi musaya. Bargon da ta sa shaddar marigayi Babanku a ciki wa ta ce za ta ba?

Ummu_Sadiq:
Za ta ji Kaka, zan turo miki saƙo ta gefe. Na tambaye ta jiyan, ta ce na babban ɗan Yaya ne, shi ne mai sunan Baba.